Tiren Shinkafar Surukina a Ƙurban

Tun da na dawo ba ku bar ni na huta ba. Wadda ta zo sannu da zuwa sai ta karɓi dabinonta da zamzam, ta gyara zama ta ce, "To Hajiya Dije, ba mu labari." Na ba da shi a ɗakina, na ba da shi a bakin injin niƙa, na ba da shi a ajinmu na yamma har malama ta fasa darasi. Bakina ya gaji. Tunda Allah ya sa na koyi riƙe biro da furfura a kaina, bari in zuba shi a takarda, wadda ta iya ta karanta wa wadda ba ta iya ba. Mai son labarin dogayen gine-gine da fitilu kuma ta tambayi wata. Ni abin da na gano a Madina mutane ne da abinci.

Uwani 'yar farina ce ta kai ni. Mijinta Nura yana aikin ba da magani a wani asibiti a can. Sun daɗe da aure shiru, har dangin miji sun fara 'yan maganganu. Rannan ƙanwarta Bilki ta shigo da waya a hannu tana murmushi, ta ce wai Yaya ba ta jin daɗin jikinta, kuma mijinta zai aiko min da biza. Ban tambayi wane irin ciwo ba ne. Na ce Allah ya sawwaƙe, na ci gaba da tuyar ƙuli-ƙulina, amma ranar sai da na ƙona kasko guda.

Kun san ni ba na tauna magana. Na taɓa tsayar da mai unguwa a tsakiyar titi a kan kwata. Amma Uwani daban ce. Ana yaye ta kakarta ta ɗauke ta. Ban taɓa kiran sunanta na yanka ba, ban taɓa zama da ita mun yi hirar uwa da 'ya ba. Haka muka taso muka tarar, ɗan fari ba naka ba ne a idon mutane.

Na haɗa kaya: daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, da galan na man gyaɗa na hannuna. Bilki ta raka ni Kano a motar haya ta hanyar Malumfashi. Wani ɗan boko da ke kusa da ni ya toshe hanci da hankici, ya tambayi direba ko wani abu ya mutu a but. Na ce masa babu abin da ya mutu, ƙamshin miyar da ta raine shi ne, in ya manta. Kafin mu kai Gwarzo ya mai da hankicinsa aljihu. A filin jirgi suka hana ni wucewa da man gyaɗa. Na yi faɗa, na yi lallashi, a banza. Bilki ta koma da shi tana dariya.

A jirgi sanyi ya kusa kashe ni, abincin kuma aka kawo shi a wani ɗan kwano kamar na wasan 'yar tsana. Wata 'yar kasuwa 'yar Kano da ke gefena, wadda ta mai da Jidda kamar bayan gidansu, ita ta ɗaura min bel, ta kuma cinye burodina da na ce ba na so.

A Jidda wahalar ta fara daga yatsu. Na sha lalle har gwiwar hannu don zan je garin Manzo, ashe na'urarsu ba ta son lalle, ga shi kuma shekarun tuya sun goge zanen yatsuna. Jami'in ya danna, ya goge, ya sake dannawa, layi ya tsaya a bayana. Ina ta mita da Hausa, sai wata ma'aikaciya cikin niƙabi ta matso ta ce, "Sannu, ya Hajja." Sauran maganar duk da Larabci ta yi, amma duk abin da na faɗa tana ji. Daga baya na gane kakanninta ne suka zo daga ƙasarmu da ƙafa. Ta shafa min wani mai a yatsu, na'ura ta karɓa. A wurin duba kaya kuwa mutumin yana buɗe jakar daddawa ya ja da baya kamar ya ga maciji. Na gutsuri kaɗan na jefa a baki don ya ga abinci ne. Ya ɗaga hannu yana cewa yalla, yalla, ko rufe jakar bai tsaya yi ba.

Nura na jira na a waje. A tsakiyar jama'a ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, Larabawa na kewaye shi da akwatunansu. Muka shiga jirgin ƙasa zuwa Madina, irin mai gudun nan da ko ruwan kofi ba ya motsi. Kujerarsa can baya ya yanka, nesa da tawa. Na ce a raina yaron nan yana da tarbiyya.

Gidansu a unguwar Ƙurban yake, kusa da masallacin Ƙuba, a saman bene. Babu tsakar gida, babu zaure, kowa ya shiga ya rufe ƙofa. Uwani ta buɗe mana. Ciki ya fito sosai, ya yi gaba. Na kalli bango. Ta durƙusa da ƙyar ta ce, "Inna, kun zo lafiya?" Na ce lafiya lau, ya zafi, ya baƙunta. Iyakar abin da muka ce ke nan, amma zuciyata kamar ta fashe.

Ban daɗe da yin wanka ba aka buga ƙofa, wani ya miƙo tire. Tire nake gaya muku, irin na biki: shinkafa doguwa mai ƙamshi, a samanta naman rago da ke zamewa daga ƙashi da kansa. Mandi suke kiransa. Ga lemon kwalba, ga wani abin zaƙi mai cuku a ciki wai shi kunafa. Nura ya ɗebi nasa ya shige ɗaki, ni da Uwani muka zauna. Na ci na ƙoshi, kuma da ya fito ɗaukar ruwa na ce, yadda zai ji, tun da uwata ta haife ni ban taɓa cin nama irin wannan ba, Allah ya yi albarka.

Wannan maganar ce ta ja mana.

Daga ranar kullum sai mai kawo abinci ya buga ƙofa. Da safe wani faffaɗan burodi mai zafi da zuma da shayi mai madara. Da rana tire. Da yamma soyayyar kaza da dankali. In na nufi kicin Uwani ta tare ni, wai ni baƙuwa ce, hutu na zo. Daddawata tana can a ƙulle a tagar kicin. Ni kuwa ina jin daɗi, ba zan yi muku ƙarya ba. Ina cewa a raina 'yata ta faɗa hannun kirki, mijin da ke kashe irin wannan kuɗin a kan abinci matarsa ba za ta haifi ɗan tsako ba. In na ga ta tsame hannu da wuri sai in tura mata tiren gabanta, ba tare da na ce komai ba, ita kuma sai ta ci gaba. Kowace safiya in cika mata ɗan faranti da dabino, tunda an ce shi Nana Maryamu ta ci.

Tsakanin haka muna zuwa Harami. Wannan kam ba zan iya kwatanta muku ba, sai wadda ta je. Na zauna a ƙarƙashin manyan lemomin nan masu buɗewa da kansu, wata tsohuwa 'yar Turkiyya a damana, wata 'yar Indunusiya a haguna, kowa na ba kowa abin da ke jakarta, babu mai jin yaren wata. Ranar da na shiga Rauda masu gadin mata suna ta kora mu da sauri, ni kuwa na dafe ƙasa na ƙi tashi sai da na gama roƙona. Abu ɗaya na roƙa, kun san shi.

A ƙofar da ke kallon tamu akwai wani Dakta Bashir, Bahaushen Sudan, yana koyarwa a jami'a. A Japan ya yi karatu, a can ya auro matarsa, ta musulunta ta ɗauki suna Maryam. Ita ma tana da ciki, bai kai na Uwani ba. 'Yar ƙarama ce, fara, ba ta da hayaniya. Tana jin Larabci, kuma ta tsinci Hausa a bakin uwar mijinta, tana yin ta a hankali kamar mai taka ƙaya. Wata rana Uwani na barci ta ƙwanƙwasa, ta gaishe ni da ɗan rusunawa, ta ce don Allah wani ƙamshi take ji daga tagarmu, mene ne. Na ɗauka ƙorafi ta kawo, har na shirya mata amsa. Na ɗauko daddawa na buɗe mata a hanci. Sai yarinyar nan ta lumshe ido, ta ce a garinsu akwai irinsa, da waken suya suke yi, a kan shinkafa suke ci da safe, kuma tun da ta samu ciki shi take mafarki. Na ba ta dunƙule biyu. Ta karɓa da hannu biyu kamar na ba ta zinariya.

Washegari ta gayyace ni cin abinci. Jama'a, na ga abin tausayi. Ƙananan kwanoni ta jera, kowanne bai fi tafin hannu ba. Wannan ɗan yankin kifi, wannan ganye an turara, wannan wani romo tsararo da awara a ciki, wannan yankakken tumatir da kokwamba, sai 'yar shinkafa da ba ta kai loma huɗu na kirki ba. Na ɗauka somin taɓi ne, ina jiran a kawo abincin, sai na ga ta ce alhamdu lillahi. Na dubi cikinta, na dubi kwanonin, raina ya ɓaci.

Da yamma na ji takun mijinta a matakala, na fita na tare shi.

"Dakta, ina tsoron Allah? Ka ɗauko 'yar mutane daga ƙarshen duniya, ga ta da juna biyu, ka bar ta da abincin da ko kyanwa ba za ta ƙoshi ba. In babu ne ka faɗa, maƙwabcinka kullum tire yake shigowa da shi, sai a riƙa ɗiba mata."

Ya tsaya yana kallona, sai ya kama dariya har ya zauna a kan matakala ya ajiye jakarsa.

"Ya Hajja, wannan ɗan kifin da kika raina, wallahi shi ke cinye albashina. Da shinkafa da kaza take so, da tuni na gina gida a garinmu Mai Wurno."

Na ce ban yarda ba. Ya ce in tambaye ta.

Ba sai da na tambaya ba. Da safe ita ta zo ta ja hannuna zuwa ɗakinta, tana dariya a kan faɗan da na yi wa mijinta, ta ce tun da ta zo ƙasar nan ba wanda ya taɓa yin faɗa dominta. Ta zuba min wani koren shayi babu sukari, na kurɓa don kara. Ta ce a ƙasarsu ma macen da hannunta bai kai ba da shinkafa da taliya da burodi take cika ciki, don su ne masu araha, kifi da ganye da 'ya'yan itace kuwa sai mai hali. Yayarta haka ta yi goyon cikinta na fari, lokacin mijinta ba shi da aiki, ta ƙoshi kullum amma jini bai ishe ta ba. Ta ce sai da ta zo nan ta ga wani sabon abu, a kashe kuɗi mai yawa a sayo abin da talaka ke ci don dole. Daga nan ta juya kofinta, ta ce:

"Inna, ke ce kike son shinkafar nan kullum?"

Na ce surukina ne ke karrama ni.

"Likita ta hana Uwani. Asibiti ɗaya muke zuwa. Tana da sukari na ciki. An ce in bai sauka ba za a fara mata allura, kuma yaron zai yi girma, ba zai fita da kansa ba, sai an yi mata aiki. Ba ta gaya miki ba?"

Ita a wurinta ba abin ɓoyewa ba ne, ta ɗauka uwa ce farkon wadda za ta sani. Na ajiye kofin. Na tuna tiren da nake tura mata, na tuna dabino. Na koma gida na tarar da Uwani tana ninke kaya, na kalli yatsunta da kyau, duk ɗigo-ɗigon tsinin allura, ashe a banɗaki take ɓuya tana auna kanta. Na buɗe baki, ni Dije da ba a taɓa rufe wa baki ba, sai na ji na ce mata wai yau da zafi.

Sai na ce bari in bi ta bayan gida. Da aka kawo tiren rana na ci loma biyu na ce na ƙoshi. Nura ya ga an dawo da tire cike, ya ɗauka abincin wurin ne ya gundure ni. Washegari ya sayo daga wani wuri mafi tsada, shinkafa kala biyu, da zabibi a sama. Na ce to haƙorina ke ciwo, ba na iya tauna. Na manta mai magani nake yi wa ƙarya. Ya dawo da ƙwayoyi da ruwan kurkure baki, da wani farin abu mai laushi kamar kamu, zaƙi kamar a mutu, wai ba ya buƙatar tauna. Uwani ta zauna ta taya ni sha, don kada in sha ni kaɗai. Ina kallonta tana kai cokali baki, ina jin kamar ni nake zuba mata guba.

Ana haka ranar tafiyata Umara ta zo. Nura zai kai ni a motarsa, Maryam za ta zauna da Uwani. Muka tsaya a Bi'ir Ali, inda ake ɗaukar harami. Manyan motocin alhazai sun cika filin, kowane ayari da tutarsa da mai yi musu jagora yana ɗaga murya. Na shiga ɓangaren mata na yi wanka na yi nafila, amma ban ɗaura niyya ba. Na fito na tsaya a jikin mota. Can sai ga Nura cikin fararen tawul biyu, kai babu hula. Yana gani na ya shiga jan na saman yana rufe ƙirji, ya rasa inda zai sa idonsa. Suruki a gaban surukuwa babu riga, ku kwatanta.

"Malam Nura, tsaya nan. Ban yi niyya ba tukuna, don malamai sun ce mai harami ba ya faɗa, ni kuwa ina da faɗa. Wa ya ce maka cin shinkafa ya kawo ni Madina?"

Ya sunkuyar da kai.

"Yarinyar nan tana da sukari. Ka sani, kai ne ma mai maganin. Me ya sa?"

Wata mota ta yi mana oda, muka matsa gefe. Sannan ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Inna, kin ce ba ki taɓa cin irinsa ba. Ya zan yi in daina? Na ce mata ta riƙa cin nata daban, ta ce ba za ta bar ki ke kaɗai a gaban tire kamar baƙuwar da ba a so ba. Na ce bari in gaya miki, ta ce in na yi ba za ta ƙara iya haɗa ido da ke ba. Kullum in na ga abin da na'urar awon sukarinta ta nuna ba na iya cin nawa."

Na ga idonsa ya kawo ruwa, sai faɗan ya tsere min. Na ce masa mu uku duk mun yi wauta, kowa na kare mutuncin kowa za mu kai yarinya ƙarƙashin wuƙa. Kunya ado ce, amma ba a cin ta. Daga ranar da muka koma kicin nawa ne, kuɗin da yake ba mai tire kuma ya ba ni in je kasuwa. Ya ce to. Na ce ya gyara tawul ɗinsa kafin ya faɗi. Sannan na ɗaura niyya, muka kama hanya da labbaika, kuma ban taɓa jin jikina sakayau kamar ranar ba. Umara ta yi kyau. Na ga Ka'aba da idona, ƙafafuna sun kumbura a Safa da Marwa, ban damu ba.

Muna dawowa na ɗaura zani na shiga kicin. Uwani ta zo za ta tare ni, na kalle ta sau ɗaya, ta koma. Nura ya tsaya a bakin ƙofa, ya ba ni rabin baya, ya yi min bayanin duk abin da likita ta ce, dalla-dalla, da Hausar da zan gane. Ashe yaron yana da baki.

Maryam ce ta kai ni babbar kasuwar kayan lambu, halaga suke ce mata. A can na haɗu da wata 'yar Chadi mai sai da lalo da ɗanyar kuɓewa da yakuwa, muka yi ciniki da Hausa har ta yi min gyara. Da Larabawa da 'yan Pakistan kuwa da yatsu na yi, kuma ba wanda ya cuce ni. A wani shagon Sudaniyawa na samu gero da wake da dakakkiyar alkama. Ganye da wake ba su da tsada. Amma da muka je wurin kifi na ji farashi, sai na nemi gafarar Dakta Bashir a zuciyata. Haka 'ya'yan itace, haka kindirmo marar zaƙi. Kada wata ta ce na dawo ina cewa kuɗi ba shi da amfani. Yana da shi. Daga baya Nura ya ce abin da yake kashewa bai ragu da wani abin kirki ba, wurin zuwansa ne ya sauya. Na tuna matan unguwarmu: wadda ba ta da shi ta cika ciki da garau-garau, wadda mijinta ya samu ta cika da taliyar leda da lemon kwalba, a haɗu a layin awo ɗaya ana ce musu jini bai isa ba.

Dabarar Maryam na ɗauka na sa wa abincinmu. Ita da ganye take farawa, sannan kifi, shinkafa ce ƙarshe. Mu a gida tuwo ne sarki, miya mai rakiya. A Ƙurban na juya su. Miyar lalo da daddawa da kifi cike da kwano, tuwon gero kuwa bai fi dunƙulen hannun Uwani ba. Faten wake da yakuwa. Kwaɗon ganye da gyaɗa. Na aro ƙananan kwanonin nan da na raina, don in ka zuba kaɗan a babban kwano ido ne ke fara jin yunwa. Dabino ya koma ɗaya ko biyu, yadda likita ta yarda. Ƙwai ne ya tsaya min a rai, don mun taso ana cewa mai ciki in ta ci za ta haifi ɓarawo. Na yi tunani na ga duk ɓarayin da na sani a Funtuwa iyayensu ba su da kuɗin ƙwai. Na dafa mata.

Ranar farko da na ajiye kwanonin a gabanmu, ta dube su, ta dube ni.

"Inna, ke ma wannan za ki ci?"

"Ni ma. Ai kin san haƙorina ba ya son shinkafa."

Ta ce haka ne. Ni da ita mun san babu abin da ya samu haƙorina. Muka ci.

Ba komai na Maryam na iya ba. Ta ba ni wani baƙin ganye na cikin teku, siriri kamar takarda, ya manne min a dasashi, na ce wannan kam ta riƙe abinta. Ita kuma yajina ya sa ta hawaye har ta nemi madara. Bayan la'asar in rana ta yi sanyi mu uku mukan taka zuwa Ƙuba mu dawo, don likita ta ce tafiya ma magani ce: ciki biyu a gaba, tsohuwa a baya tana kora su. Masu shaguna har sun san mu. Wani dattijo mai sai da turare kullum sai ya fito mana da kujera, ni kuma kullum sai na ce ba zama muka zo yi ba.

Ranar awo na sa hijabina na bi ta, ba ta ce kada in zo ba. Likitar 'yar Maiduguri ce, Dakta Falmata, doguwa mai tsagen Barebari. Ta duba na'urar Uwani, ta ɗaga gira, ta tambayi abin da ya sauya a gidan. Uwani ta nuna ni da ido. Likita ta ce sukari ya kwanta, maganar allura a ajiye ta tukuna. Amma ta ce yaron ya riga ya yi ɗan girma a makonnin baya, ba za ta yi mana alkawari ba, sai ranar ta zo a gani. Na gode mata da ba ta yi min zaƙin baki ba. Muka koma muka ci gaba da lalo da kifi da tafiya Ƙuba, ina auna cikin da ido ta gefe, ina roƙon Allah ya tsayar da shi haka.

Naƙuda ta zo wata Juma'a da hantsi. Suka shige da ita, aka bar ni da Nura a baranda, shi a wancan ƙarshen benci ni a wannan. An kira salla ya tafi ya dawo, shiru. Duk gadon da aka turo sai in miƙe, in ɗauka ita ce za a wuce da ita ɗakin aiki. Can bayan la'asar Dakta Falmata ta fito tana cire safar hannu. Ban tambayi mace ko namiji ba. Na ce, "An yanka ta?"

"Ba a yanka ta ba, Hajiya. Da kanta ta haihu. Ta sha wuya, amma da kanta. Mace ce."

Na zauna daɓas a kan tayil ɗin mutane. Nura ya juya ga bango yana ta hamdala.

Da aka bar ni na shiga, jaririyar na gefe a naɗe, ja wur, da kumatu. Uwani na kwance, leɓe a bushe, ido a kumbure. Na tsaya a bakin gado ina neman abin da zan ce, ina shirin in ce mata sannu, ya jiki, in kalli bango. Ita ta riga ni.

"Inna, yunwa nake ji."

Na zo da kunun gyaɗa a fulas tun safe. Na zuba a murfi, ta kai hannu za ta karɓa, ban sakar mata ba. Ta kurɓi kaɗan daga hannuna ta yatsine fuska.

"Yau ma babu sukari?"

Na ce ta tambayi likitarta, ni ba ruwana. Ta yi 'yar dariya, dariyar ta ja mata ciwo, ta riƙe gefen zanena. Na jawo kujera na zauna, na ciro cokali daga jaka, na riƙa ba ta a baki ina hurawa. Ma'aikaciyar jinya ta shigo, Nura ya leƙo ya koma, ban tashi ba, ita ma ba ta ce in bari ba, har muka ga ƙasan fulas ɗin.